Kisan da Aka Rataya wa Mahaifin Borghild

Shekara arba'in da ɗaya Borghild Haugsrud ta yi a bayan teburin laburaren Skardal, kuma babu lokacin da ta tsana kamar makon da ke gaban hutun Ista. A makon ne kowa ke zuwa neman littafin kisan kai da zai tafi da shi bukkarsa ta kan tsauni, ya miƙe ƙafa gaban murhu, yana ɓare lemo yana karanta yadda aka tono gawa a bayan gidan wasu. Har kwalin madara sai an buga masa ɗan labarin kisa a jiki, kamar abincin safe ba zai wuce ba sai da jini.

Ta san abin da suke so sarai. Iyali ne masu tsafta a waje, an binne wani abu shekara talatin, sai 'yar gidan ta dawo daga birni ta fara tone-tone. Wata rana ta tambayi ƙawarta Gunvor, mai gyaran gashi, me take samu a ciki. Gunvor ta ce ai daɗin shi ne a ƙarshe akwai wanda ya yi, an kama shi, kowa ya huta, kuma kana rufe littafin sai ka ga gidanku ashe da sauƙi. Borghild ta buga hatimi ta miƙa mata littafin da ta ara. Ba ta taɓa karanta ko ɗaya ba.

Na farko da ta karanta shi ne na Vebjørn, ɗan ƙaninta, wanda ya bar aikin jarida a Oslo ya zama marubuci. A bangon an zana takalmin yarinya ja a kan dusar ƙanƙara. Ya canja sunaye, wai don mutunci, amma ya bar injin yankan katako a bakin kogi, ya bar gida mai koren ƙofa, ya bar yarinya 'yar shekara huɗu da ta nutse a ƙarƙashin ƙanƙara. Kowa a Skardal ya san yarinyar Aslaug ce, ƙanwar Borghild, kuma mai injin Torkjell ne, mahaifinsu. A shafi na ɗari uku da sittin, uban ne ya danna kan 'yarsa cikin ruwa. Borghild ta kai nan ta tashi ta yi amai.

Littafin ya yi kasuwa, garin kuma ya fara tuna abin da bai taɓa gani ba. Tsofaffin da Torkjell ya sassaƙa wa iyayensu akwatin gawa kyauta suka ce dama can idonsa bai kwanta musu ba. Aka sauke hotonsa daga bangon zauren taro, wai za a yi fenti, fenti ya bushe hoto bai koma ba. Baƙi masu zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara suka riƙa tsayawa a maƙabarta suna ɗaukar hoto da kabarinsa. Mutumin ya yi shekara ashirin a ƙasa, ba shi da bakin da zai kare kansa.

Ta kira Vebjørn ta wanke shi tas. Ya ce ƙirƙira ce kawai, amma ya duba tsohon rahoton 'yan sanda, kuma bayanin kakansa bai yi daidai ba: ya ce yana tare da yarinyar, alhali ma'aikata biyu sun gan shi a injin. Mai gaskiya me zai sa ya yi ƙarya? Borghild ta san amsar. Ta kashe wayar.

Da laburaren ya gayyace shi ya karanta wa jama'a littafin, ranar Asabar da rana, sai ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zauren ya cika maƙil, ana shan kofi da waina da cuku. Ya karanta babin kogin da murya mai laushi, mata suna lumshe ido. Da aka ce ko akwai mai tambaya, ta miƙe.

“Ba tambaya gare ni ba,” ta ce. “Ni aka bar wa Aslaug ranar nan. Shekarata tara. Na bar ta a bakin kogi na tafi maƙwabta kallon 'ya'yan kyanwa. Baba ne ya tsamo ta. Ya same ni a rumbun ciyawa ya ce, ni ne nake tare da ita, kin ji ko? Ke kina ɗaki. Haka ya faɗa wa 'yan sanda, haka ya faɗa wa mahaifiyarmu, ta mutu ba ta yafe masa ba. Wannan ita ce ƙaryar da ya yi.”

Shekara hamsin da tara maganar tana cikinta. Ta ɗauka idan ta fito ƙasa za ta tsage, ko a tofa mata yawu, kuma ta shirya wa hakan. Abin da ba ta shirya masa ba shi ne tafi. Wata baƙuwa ce ta fara daga can bayan zauren, sauran suka bi. Wani dattijo ya ce wa na kusa da shi wallahi bai taɓa kawo ta a lissafi ba. Gunvor ta rungume ta tana hawaye, tana ce mata 'yar'uwa tsikar jikina duk ta tashi, sannan ta ƙara da cewa amma dai ma'aikatan nan biyu ma abin dubawa ne. Ƙyama ta kama Borghild, ta zame jikinta daga hannun Gunvor.

Da jama'a suka ragu Vebjørn ya zo ya riƙe hannuwanta biyu. Idonsa ya yi ja, ta ɗauka kunya ce ta kama shi.

“Za ka faɗa wa duniya kakanka bai kashe kowa ba?” ta tambaye shi.

“Zan faɗa, Gwaggo, na yi miki alkawari. Kowa sai ya sani.”

Ta sauke numfashi, ta zauna a kujera.

“A littafi na biyu zai fito, can wajen ƙarshe,” ya ce, yana laluben wayarsa. “Ki maimaita min abin da ya ce miki a rumbun, kalma da kalma. Amma don Allah, Gwaggo, kar ki ƙara faɗa wa kowa kafin Ista mai zuwa. Za ki ɓata wa masu karatu.”