Tagar Kawu Ozell

Na daɗe ina shakkar ko Kawu Ozell yana da wata sana'a ta gaske. Ba ya waƙa, ban kuma taɓa ganinsa riƙe da jita ba. Amma in ka ɗauki faifan kiɗan sol ko na fank da aka yi a unguwarmu ta kudancin birnin Memphis a Amurka, sau da yawa za ka ga sunansa can ƙasa da ƙananan haruffa: Ozell Tibbs. Da na tafi karatu Ingila, in abokai suka tambaye ni aikinsa sai in ce yana murɗa maɓallai. Ni kaina amsar ba ta gamsar da ni ba. Shi ya sa da na dawo gida a 1979 na ce bari in zauna kusa da shi in gani da idona.

Ƙanen mahaifiyata ne. Shan-inna ta taɓa masa ƙafar dama tun yana ƙarami, don haka lokacin da sa'o'insa ke filin rawa, shi yana shagon mai gyaran rediyo. Ya fara da naɗar waƙoƙin coci da wata na'ura da ya harhaɗa da kansa. Daga baya ya kama wani tsohon shagon wanki da guga, ya lulluɓe bangon da barguna da kwalayen ƙwai, ya mai da shi situdiyo. Makaɗa duka a ɗaki ɗaya yake tara su, mai ganga da masu jita da masu busa, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa. In wani wuri bai yi masa ba, ya sa reza ya yanke tef ɗin ya liƙe.

Bango ɗaya ne tsakaninsa da shagon mahaifiyata, Vernetta, inda take soya tarwaɗa da garin masara. A bangon nan ya huda 'yar taga, ya rataye ƙaramar lasifika. Duk waƙar da ya gama haɗawa sai ya sake ta ta nan, ya zauna yana kallon bayan yayarsa. In kai kaɗai ta gyaɗa, da sauran aiki. In kafaɗa ta motsa, an kusa. In ƙugu ya ɗauka, sai ya rufe kwali ya aika a buga faifai.

"Ni ba ni da ƙafar rawa," in ji shi, "sai in ari ta Yaya."

Haka suka yi kusan shekara ashirin. Sai dai na dawo na tarar abu biyu sun canja. Kunnen Kawu na hagu ya mutu, na daman ma sai a hankali. Mama kuma ta koma wata coci da ta hana rawar duniya, har ta tashi gaban jama'a ta yi alkawarin ta daina.

A hannunsa akwai waƙa ɗaya tak, ta Dorsey Mabry, tsohon mawaƙinsa da ya koma tuƙin babbar mota saboda kasuwa ta koma wajen kiɗan disko. Kawu ya gaya mini a fili cewa in bai sami yadda zai tabbatar waƙar ta yi ba, zai sa wa situdiyo kwaɗo. Ba zai sayar wa mutane abin da shi bai ji ba, kuma ba wanda ya ji masa.

Ranar Juma'a da hantsi, kasuwar kifi ta fara ci, ya leƙa tagar.

"Yaya, zan saki abu."

"Saki mana, kurma. Bangonka ne. Ni dai na gama da ku."

"Ai ba rawa na ce ki yi ba. Ki ci gaba da suyarki."

"Na san ka, Ozell. Tun kana jan gindi nake goya ka."

Dorsey, wanda ke zaune yana cin kifin da bai saya ba, ya ce, "Ni in taka maka mana, maigida."

"Kai ko ƙarar injin wanki aka sa maka," in ji Kawu, "za ka taka. Ci kifinka."

Na ce wa Kawu to ga masu sayen abinci nan, ya dubi nasu motsin mana. Ya ce mai jin yunwa ba ya shaida. Sannan ya ce, "Malama 'yar Ingila, matso ki riƙe min wannan maɓallin, kada ki yi masa Turanci."

Ya saki waƙar. Ni a kunnena ta yi daɗi. Wasu 'yan mata biyu da ke layi suka fara kaɗa kai. Mama kuwa ta tsaya ƙyam kamar turke, tana juya kifi, tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Waƙa ta ƙare ba ta ko waiwayo ba.

Kawu ya koma kan maɓallansa. Ya rage ƙarar masu busa, ya ɗaga babbar jita har gilashin tagar na rawa, ya sake saki. Mama ta ƙara ƙarfin waƙar cocinta.

"Ta fi ka murya, Dorsey," in ji shi.

Daga nan ya daɗe yana aiki. Ya ɗora tafin hannunsa a kan lasifikar situdiyo yana jin bugun da fata. Ya yi ta mai da tef baya. Can ya sami wani wuri a tsakiyar waƙar, ya kashe sautin kowa ya bar na mai ganga shi kaɗai, ya ja wurin har sai da na ji kamar an riƙe min numfashi, sannan ya sako babbar jita da muryar Dorsey gaba ɗaya. Ya yanka, ya liƙa, ya saki.

Da aka zo wurin gangar, waƙar cocin Mama ta tsaya. Da jitar ta faɗo, sai ta ajiye matsami, ta goge hannu, ta fita ta ƙofar baya. Ta taga muna hango ta ta ƙofar da ta bari a buɗe, tana bakin titi, ta harɗe hannuwa, ta ba shagon baya. Kifi ya ƙone a kasko, hayaƙi ya biyo ta tagar, Dorsey ya ruga ya sauke.

Kawu ya naɗe tef ɗin, ya sa a kwali, ya miƙa wa Dorsey. Faifan bai zagaya duniya ba, amma gidajen rediyon garinmu sun yi ta sa shi har bazara ta wuce, kuma situdiyo ya ƙara wasu shekaru a buɗe. Mama ta yi mako guda ba ta yi masa magana ba.

A ranar dai, muna kore hayaƙi da kwali, na ce, "Kawu, ai ba ta yi rawa ba. Me ka gani?"

Ya juyo min da kunnensa mai ji, na maimaita.

"Shekara talatin tana suya, ko ranar da aka zo mata da labarin rasuwar babanki sai da ta sauke kasko," in ji shi. "Yau ta bar kifi a wuta. Da ta ƙara minti ɗaya a ɗakin nan, da alkawari ya karye."