Gilashin da na goge da bakin riga

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wani abokina, da wata kula da na rungume kamar jariri. A ciki akwai gilasan gwaji shida na 'yar ƙanwata da ke digiri na biyu a Azare. Wata huɗu tana jiransu, in suka lalace shekararta ta tafi. Gargaɗinta ɗaya ne: "Kawu, don Allah kada ka buɗe."

Kuɗin mota ya tashi har na tambayi direba ko motar ce zai sayar mana. A Wudil muka sha shayi. Wata tsohuwa da ke gefena kuwa idonta na kan kular. Muna wuce Shuwarin ta kasa daurewa.

"Alhaji, in dambun nama ne, ai tun a mota ake sa masa albarka."

Ni da ba a taɓa zargina da rowa ba! Na buɗe, na ɓare ledar ɗaya, na ɗaga. Gilashi ne kawai, sai ɗan hazo. Na hura masa iska, na goge da bakin riga yadda nake yi wa tabarau, har ya yi ƙyalli.

A Azare, bayan na share waina da miyar taushe, na ba yarinyar labari da alfahari. Ta dafe kai.

"Kawu, hazon nan shi ne aikin!"

Ashe zane-zane ne ƙanana da ido ba ya gani. Ta ce kamar tandar waina ne: kowace ƙwayar halitta ta zauna a gurbinta ta ɗauki siffarsa, wata da'ira, wata mai kusurwa uku, sai a ga yadda take miƙewa da ƙarfin da take ja da shi. Ni kuma na mayar da tanda faranti.

Kwana biyu ko tari ba na yi a gidansu. A na uku ta kai ni ɗakin gwaji, na leƙa na'urar hangen ƙananan halittu. A gilasai biyar, ƙwayoyin sun jeru kamar sahun Idi. A nawa kuwa, tashar mota ce ranar kasuwa.

"Biyar sun ishe ni. Naka malamina ya ce a ajiye don kwatanci."

Na dawo Kano da darasi: ba duk hazo ne datti ba, kuma in an ce kada ka buɗe, ka bari. Kular ta biyo ni cike da dambun nama na mahaifiyarta, da gargaɗi irin na farko. Wannan karon na daure har Jama'are.