Farcen 'Yar Fari

Har yau bakina ne kawai ke gaida yayan mijina. Zuciyata ba ta yafe masa ba, kuma ba na jin za ta yafe.

Muna zaune a gidansu a Waca, mijina ya tafi ci-rani Kano, 'yata ta fari tana da shekara bakwai. Ranar kasuwa mai yankan farce ya ƙwaƙule mata gefen babban yatsan ƙafa, wai don ya fito a zagaye. Da farcen ya tashi tsirowa sai ya nutse cikin nama. Yatsa ya kumbura, ya fara ruwa, takalmin lakwal, na zuwa makaranta, ya gagare ta.

A wurinmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta sa baki a sha'aninta, ko ciwo take sai ki yi kamar ba ki gani ba. Don haka ƙanwata na roƙa ta kai ta wurin majo, mai duba marasa lafiya a asibitin garin. Ya ce a riƙa jiƙa ƙafar cikin ruwan ɗumi da gishiri, a shafa magani. In mako ya cika kumburin bai sauka ba, a dawo ya yi allurar kashe zafi ya cire gefen kaɗai.

Yayan mijina ya ji, ya taɓe baki. "Mako guda? Yatsa ne ko shukar gero? Ku kira wanzami."

Daga bayan danga na ce, "Yaya, majo ya ce a jira."

"Au, yau kuma ke ce mai bakin magana a kan 'yar fari? Lalle kunya ta ƙare."

Matan gidan suka tuntsire da dariya. Na ja da baya, na koma ɗaki.

Da hantsi wanzami ya zo. Yaya ya danne mata gwiwoyi, aka zare farcen ɗungurungum, ba allura ba komai. Tana ihu, "Inna! Inna!" Ni kuwa ina bakin turmi, na ƙara wa taɓarya ƙarfi don a ce ina da kunya. An kuwa faɗa. Har yabona aka yi.

Miki ya ruɓe, sai da muka kai ta asibitin Magariya, ta maimaita aji. Farcen ya dawo a murɗe, baƙi, mai kauri. Yanzu budurwa ce, ko a zafin bazara da safa take yawo. Shi kuwa mutumin nan, ko a jikinsa. Yana ma faɗa wa baƙi shi ya ceci ƙafar.

Bara na gaji. A tsakar gida, gabansa da gaban kowa, na buɗe baki na kira ta da sunanta. Ta juyo ta dube ni, ba fushi a fuskarta.

Ta ce, "Inna, ai ranar wanzami na so in ji shi."