Makunnin Injin Kwaɓi

Shekara tara na yi ina aiki a wani gidan burodi a unguwar Sharafiyya, can ƙasa mai tsarki. Kullum in mun dawo daga sallar azahar, nakan rataye hulata a ƙusa, in wanke hannu, in danna koren makunnin injin kwaɓin fulawa. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin wannan dannawar ba, hannuna ya riga ya san hanya.

Wanda ya koya mini aikin wani dattijo ne, Bahaushen Sudan, muna ce masa Ammi. Shi ke wanke kwanon injin, kuma da safe yake wankewa. Ran nan mai kawo fulawa ya makara, aiki ya cakuɗe, wankin ya koma bayan azahar.

Na shigo hankalina na kan iƙamar mahaifiyata, wato takardar izinin zamanta, da ta kusa ƙarewa, ga wata takarda da muka nema muka rasa. Na ga Ammi. Wannan shi ne abin da har yau na kasa yi wa kowa bayani. Na gan shi sunkuye, hannunsa na dama cikin kwano har gwiwa, da soso. Har na ce, "Sannu da aiki, ya Ammi." Ya amsa. Sannan na danna.

Bai yi ihu ba, salati kawai ya saki. Na kashe injin nan take, amma ƙarfen kwaɓin ya riga ya juya sau ɗaya. Muka naɗe hannun da tawul, muka sa shi a motar raba burodi. Duk tsawon hanya ina riƙe da kafaɗarsa.

A asibiti suka cire yatsu biyu, suka sa ƙarfe a wuyan hannun. Kafilinmu, maigidan da ya tsaya mana a ƙasar, ya iso, ya ja ni gefe.

"Ba ka gan shi ba ne?"

"Na gan shi."

"To lesh? Me ya sa?"

Da a ce ban gan shi ba, da na sami abin riƙewa. Ba barci nake ji ba, ba sauri nake yi ba, ba mu taɓa ko musu da shi ba. Idona ya gani, bakina ya gaishe shi, saƙon ne bai kai hannuna ba.

Bayan kwana biyu aka sa wa makunnin akwati da kwaɗo, mabuɗin na wuyan mai wanki. Ba a kore ni ba. A makon farko sau uku ina tsintar yatsana a jikin akwatin, ban san lokacin da ya je can ba.

Da aka sallami Ammi daga asibiti na je gidansu a unguwar Bagdadiyya. Matarsa ta ajiye shayi ta koma ciki, ba ta dube ni ba. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannun hagu.

"Halas, ya wuce, ɗana. Ni ma shekara ashirin ina zare waya daga bango kafin in sa hannu. Ran nan ban zare ba. Kar ka tambaye ni dalili, ban sani ba."

Na so maganar ta rage mini nauyi, ba ta rage ba.

Bai koma aiki ba, hannun ba ya iya damƙar ko ludayi. Nakan leƙa shi ran Juma'a kafin masallaci. Zuwana na ƙarshe na tarar yana fama da maɓallin wuyan jallabiyarsa. Na miƙe zan taimaka, ya ce in zauna. Na zauna ina kallonsa, maɓallin na suɓuce masa, yana sake kamawa, har aka yi kiran farko.