Da Sauƙi

Sana'ata dabino ce. Ina sarowa daga gonakin Khaibar, ina sayar wa alhazai a shagona da ke kusa da Masallacin Ƙiblatain. Kakana ne ya zo Madina da ƙafa, ni a nan aka haife ni, amma matata daga Damagaram aka kawo ta, kuma har ta koma ga Allah Larabcinta bai wuce na cefane ba. 'Yarmu ɗaya. Uwar ta yi mata Hausa, ita ta amsa da Larabci, haka suka rayu.

Da yarinyar ta ce aikin jinya take so, na tambaye ta yadda nake tambayar mai gona kafin in sayi amfaninsa: ina wannan hanya take ɓullewa? Ta lissafa mini. A fara da digiri, a sami lasisi, a yi shekaru ana aiki a ɗakin marasa lafiya, sannan a zaɓi fanni guda a koma makaranta. Wannan na ƙarshen shi take kira tahassus, wato ƙwarewa. Wadda ta gama shi tana duba majinyaci da kanta, tana tsara yadda za a kula da shi, likita na jin shawararta. Ita ɓangaren masu ciwon ƙoda ta zaɓa.

Uwarta ta yi dariya. "Jinya har sai an je makaranta? Ni na yi jinyar uwar mijina ba wanda ya ba ni takarda."

"Shi ya sa kike ba ta shayi da sukari cokali uku, Umma," in ji yarinyar.

"Ji mara kunya! Alhaji, ka ji abin da 'yarka ke faɗa?"

Yarinyar ta bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya. Sau biyu tana neman gurbin tahassus ana hana ta. A karo na uku asibitinsu ya amince ya tura ta wata ƙasar Turawa, da sharaɗin cewa in ta katse karatun a tsakiya, gurbin ya tafi ga wata.

Bayan tafiyarta ƙafafun uwar suka fara kumbura. Likita ya ce ƙoda ce. Na riƙa kai ta wankin ƙoda daga gidanmu na unguwar Jurf, in zauna a waje ina kallon masu irin rigar 'yata suna shiga suna fita.

Mutanenmu, ko mutum na kan gargara, ka ce masa ya jiki, zai ce da sauƙi. Ba ƙarya yake yi ba, ladabi ne ga Ubangiji. Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san daga murya ake gane nauyin ciwo. 'Yata ta tashi a Madina, Hausar ɗaki kawai ta sani. In ta kira waya uwar ta ce da sauƙi, sai ta ɗauka sauƙin ne, ta ce alhamdu lillahi, ta shiga ba da labarin sanyi da jarrabawa.

Ni ba na sayar da dabino mai tsutsa in ce sabo ne. Na kira 'yata na faɗa mata sunan ciwon da abin da likita ya ce. Sai ta fara jero mini tambayoyin da ban san amsarsu ba, daga ƙarshe ta ce gobe za ta nemi jirgi.

Uwar na kwance tana jin mu. Ta miƙo hannu ta karɓi wayar.

"Ke, saurara. Wa ya ce ki zo?"

"Umma, wannan ai fannina ne. Shi nake karantawa."

"To ki gama karanta shi. Rabin malama za ki zo ki yi mini? Akwai masu wanke ni a nan. In kika baro karatun nan saboda ni, ban yarda ba, kin ji na gaya miki."

Ta ajiye wayar, ta juya mini baya. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, sai dai ta ce in miƙo ruwa.

Yarinyar ta zauna can. Kullum tana kira, tana sa ni in karanto mata sakamakon gwaji, tana magana da masu jinyar uwar da yarensu na asibiti. Saura 'yan watanni ta gama, wata safiya bayan na buɗe shago aka kira ni daga asibiti, aka ce matata ta rasu. An yi mata salla a Harami bayan la'asar, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a. A Madina ba a jiran matafiyi.

'Yata ta iso washegari. Mata ba sa shiga maƙabartar, don haka muka tsaya a bakin katanga, tana leƙawa ta ramukan ƙarfe. Ta ce in nuna mata wurin. Kaburburan ba su da suna, duwatsu ne kawai iri ɗaya. Na nuna mata ɓangaren da nake zato, na gaya mata ban tabbata ba.

Bayan kwanakin zaman makoki ta ce ba za ta koma karatun ba, ba ta ga amfanin ba. Ban yi mata wa'azi ba. Na ɗauko akwatinta na sa a mota, na zauna a ciki ina jira. Ta daɗe kafin ta fito.