Bashin da Bai Zo Gaisuwar Mutuwa Ba

Ƙarfe bakwai da rabi take sauka daga taksi a bakin Zongo, jaka a hammata, gorar ruwa a hannu. Ta gaida mai gadi da Zabarmanci, ta gaida mai tuyar ƙosai da Hausa, ta shige asusun nan na bashi da ajiya da ke kallon ƙofar gidana, ta zauna taga ta uku. Shekara ashirin da tara ke nan. Sunanta Hasiya, daga unguwar Dar es Salam take zuwa, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ni Hajiya Tabawa mai ƙanƙara, ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa. Kuma ku sani ba sonta ne ya sa ni wannan magana ba. Gaskiya ce ta shaƙe ni.

Shekara arba'in, in aka yi gardamar kuɗi a layinmu, wurina ake zuwa. Wa ya ci adashi bai zuba ba, wa ya karɓi turmi uku ya biya biyu, duk suna kaina, ba takarda ba alƙalami. Yanzu fa? Mata su wuce ni ina zaune, "Hajiya ina kwana," su tsallaka titi wurin Madam Hasiya. Har 'yar ƙanwata. Na ce mata me take ba ku can, zuma? Ta ce, "Inna, ita ba ta gori." Na ce to Allah ya ba ku haƙuri da juna.

Sai abin ya zo gidana.

Ɗana Habibu yana da garka a Goudel, bakin kogi, salati da kabeji da tumatir. Bara injin ban-ruwansa ya mutu murus ana gab da dashe. Ya je wani banki neman bashin sabon inji, aka taɓa na'ura, aka ce masa sunansa na cikin waɗanda suka ci bashi ba su biya ba. Wai akwai wani babban kundi da duk masu ba da bashi ke leƙawa, in sunanka ya ɓaci a wuri ɗaya ya ɓaci ko'ina. Ya dawo ya zauna bakin rijiya. In bai samu inji cikin wata biyu ba, shekarar ta tafi, ga iyali tara.

Na ce ƙarya ne. Gidan nan ba a bin mu ko dala. Ranar da Malam mahaifinsu ya rasu, shekara goma sha uku ke nan, liman ya tashi kafin a ɗauki gawa ya ce duk mai bin marigayi ya zo ya faɗa. Ni na ɗauki nauyin. Mutum goma sha ɗaya suka zo, har mai gyaran rediyo da ke bin sa dala tamanin. Na sayar da awarwarona na biya kowa kafin sadakar arba'in. A wurinmu wanda bai zo ba har arba'in, ya yafe ke nan. Haka na taras, haka na yi.

Bankin ya ce tushen abin daga asusun ƙofar gidana ne. Na yafa mayafi na tsallaka titin da na rantse ba zan tsallaka ba.

"Madam, ke ce mai ɓata sunan 'ya'yan mutane?"

"Hajiya, sannu da zuwa. A kawo wa Hajiya kujera."

"Ban zo zama ba."

"To ni zan tashi, don ba na magana da uwa tana tsaye ina zaune."

Kun ji irin halinta. Ta hana ka faɗan da ka zo da shi tun daga gida. Na zauna.

Na'urarta ta nuna suna da lamba kawai. Ta ce wannan bai ishe ta ba, sai ta ga takardar asali. Tsofaffin takardun suna wani ɗaki a baya da ruwan sama ya taɓa shiga, duk sun manne da juna. Mai gadi ya shaida mini kwana huɗu tana shiga can lokacin da 'yan uwanta suka fita cin abinci, ta ɗaure hanci da ɗankwali, tana ɓamɓare su ɗaya-ɗaya. Ba wanda ya sa ta. Rana ta biyar ta aiko mu zo.

Ga hoton Malam, da hularsa ta Juma'a. Ga dangwalen yatsansa. Ga sa hannun Habibu a ƙasa, shi ya tsaya masa, lokacin yana da shekara ashirin da huɗu. Malam ya karɓi jika ɗari biyu da hamsin, kowace jika dubu ɗaya ce, yana biya wata-wata, saura jika sittin da biyu ajali ya riske shi. Asusun ya yi ta aika takarda rumfarsa ta kasuwa, rumfar da muka sayar tun cikin takaba. Tara ta hau, ta hau, har kuɗin suka kai jika ɗari da casa'in.

Na ce, "Me ya yi da jika ɗari biyu da hamsin ban sani ba?"

Hasiya ta dubi Habibu. Habibu ya dubi ƙasa.

"Ku faɗa mini, ba yarinya ba ce ni."

Ta ce, "Hajiya, firigo ya saya."

Firigona. Wanda nake ƙanƙara da zoɓo da shi, wanda ya aurar mini da 'ya'ya mata uku. Wanda na cika unguwa da cewa mijina da kuɗin hannunsa ya saya, ba irin mazan wasu ba. Na juya kan Habibu na ce kai ma ka sani? Ya ce Baba ya ce kada ya faɗa, kuma shi ya ɗauka an gama biya.

Sai Hasiya ta yi 'yar dariya, ta ce, "Ina tune da shi sarai. Kowane biyar ga wata yake zuwa, ta ƙofar baya. Yakan ce, 'yar nan yi sauri, in Hajiya ta hango ni, da ni da ke da mai asusun duk sai mun yi bayani."

Ku bar ni in faɗi abin da ke raina. Shekara talatin da takwas ina tare da mutumin nan, na san kuɗin aljihunsa kafin ya ƙirga. Ashe akwai wata a tsallaken titi da ta san abin da ban sani ba, har yana mata wasa da sunana. Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Kuma shekara goma sha uku tana wuce ni tana gaishe ni, ba ta san mai firigon nan ya rasu da saura ba, don an ɗauke ta daga kan tsofaffin basussuka tuntuni. Da ta gane, ita ta fi ni jin ciwo. Wannan ma ya ba ni haushi.

Wani ɗan kamasho ya biyo Habibu har garka, wai a ba shi jika hamsin, yana da mutum a ciki da zai goge sunan. Na so a ba shi, ba zan ɓoye ba. Da Hasiya ta ji, ta ce, "Ba mai goge shi, Hajiya, ko ni. Abin da ake yi, a biya, a rubuta an biya, a aika can su gyara. Wanda ya ce miki zai goge, jikarki hamsin zai goge."

Ta ce a kawo takardar mutuwa. Wace takardar mutuwa? Da hantsi Malam ya cika, kafin la'asar an rufe shi. Ta rubuta wa Habibu inda zai je da shaidu biyu, da abin da zai biya, da abin da ba zai biya ba ko an tambaye shi. Da takardar ta fito, ta rubuta wa manyanta cewa mamaci ba ya ƙin biya, a cire tarar. Suka ƙi. Ta sake. Suka yi shiru. Ta uku da ƙafarta ta kai, ta zauna ƙofar ofishin darakta har azahar. Aka cire. Saura sittin da biyun Malam.

Habibu ya ce zai nemo. Na ce kul. Na buɗe kwallata na ƙirgo su daga kuɗin ƙanƙara, na tsallaka da kaina. Ta buga hatimi, ta karanta mini da Hausa kalma-kalma, ta ba mu takardar shaidar an gama. Sati biyar tana buga waya can wurin masu kundin har suka gyara. Habibu ya samu injinsa. Tumatir ya wuce shi, amma ya kama salati da kabeji, gidansa bai yi yunwa ba.

Na kai mata turmin atamfa, ta ce a'a. Na kai kaji biyu, ta ce doka ta hana. Na ce to zoɓo fa, shi ma doka? Ta karɓi ƙulli ɗaya ta ajiye mini dala biyar. Ni Tabawa, a biya ni kuɗin kyautata!

Hasiya, ke ce mai taga ta uku, mai tone takarda don talaka. Ke ce kika ƙwace mini mata, kuma yau na yarda ba asiri kika yi musu ba. Ni ina riƙe bashi don kada a cuce ni. Ke kina riƙe shi don mai shi ya samu ya fita. Ban iya wannan ba, kuma na tsufa da koyo.

Ku yaran da za ku gaji kujerarta, na ga yadda kuke ce wa mutane "na'ura ce ta faɗa" ku juya kai. Ku tashi ku shiga ɗakin baya kamar yadda ta shiga. Ku kuma jama'a, in kun yi rashi liman ya yi shela, kada ku tsaya jiran wanda zai zo kan tabarma. Asusu ba ya zuwa gaisuwa, banki ba ya zuwa sadakar uku. Ku aika a tambaya, ku karɓi takardar mutuwa tun ƙasa ba ta bushe ba.

Allah ya ba ki hutu mai albarka, Hasiya, ya sa 'ya'yanki su gama lafiya. Wata huɗu da kwana goma na zauna wa Malam, ina alfahari na sauke masa kaya duka. Ashe shekara goma sha uku yana kwance da jika sittin da biyu a wuya, ni ina sayar da ƙanƙara a kansu. Aikina ne in sauke masa, ke kika nuna mini inda kayan yake. Wannan ba zan daina jin zafinsa ba har in bi shi. Na gode.