Shekara Baduku da Takardar Kumandan

Kawuna Shekara baduku ne a Matameye, kuma tun da nake ban taɓa ganin mai zargi irinsa ba. Ko fura aka ba shi kyauta sai ya sunsuna ya ce, "Me suke nema wurina?"

Shekarar da Nasara suka soma fasa hanya zuwa Damagaram, aka sa sunansa cikin masu aikin dole. Wata biyu cur ana fasa dutse, ga damina ta sauka, gonarsa kuwa ba mai nome ta sai matarsa Mariyama. Ana nan sai Kumandan, babban Nasaran yankin, ya zo rangadi, aka yi shela yana neman mai kai takardun bariki, kuma wanda aka ɗauka an yafe masa aikin dole.

"Ƙarya ne," in ji kawu. "Soja za su kai mu."

"To zauna ka fasa dutse, malam," in ji Mariyama. "Geron ya nome kansa."

Sai ya tafi.

Su bakwai suka taru gindin tsamiya. Lokotoro, likitan bariki, ya sa suka tuɓe riguna, ya buɗe bakin kowa yana duban haƙora, ya ƙwanƙwasa ƙirji, ya laluba ƙafafu ko da kurkunu. Kawu ya raɗa wa na kusa da shi, "Haka ake yi wa jaki ran kasuwa, kuma ban taɓa jin an yi masa haka don za a naɗa shi sarauta ba."

Huɗu suka faɗi. Ukun da suka rage, Sallau tafinta ya miƙa wa kowa takarda an liƙe bakinta da jan kaki. "Ku kai wa gardin da ke tsaron garin Kance, ya sa hannu, ku komo da ita kafin la'asar. Wanda ya taɓa kakin nan, ya san sauran."

Biyun suka zura da gudu. Kawu ya tsaya yana jujjuya tasa. Wa ya sani ko abin da aka rubuta shi ne a ɗaure wanda ya kawo ta? Ga hadari kuma ya haɗo. Shi dai tun tasowarsa bai taɓa ganin rubutu ya yi tafiya tsirara ba, duk takardar da malam ya rubuta rumfarsa ake kawo ta a ɗinke. Ya ratse rumfar, ya zaro basilla, ya ɗinke takardar Kumandan tsaf cikin jar fata, ya rataya a wuya. In alheri ne ruwa ba ya taɓa shi, in sharri ne ya zauna ciki.

Ya isa Kance jiƙe sharkaf, ya miƙa wa gardi. Gardi ya yi tsalle baya.

"Laya? Wa ya aiko ka ka yi mini sammu?"

"Kumandan, yallaɓai."

"Kumandan! Har shi za ka sa ciki?"

Bai taɓa ta ba. Ya saƙalo ta a kan sanda, ya taso kawu gaba har Matameye, la'asar ta daɗe da wucewa.

Kumandan ya sa wuƙa ya farke ɗinkin. Kaki na nan, takarda a bushe ƙamas. Na sauran biyun kuwa sun komo da wuri, amma sun zama kunu. Kumandan ya zuba wa kawu ido, kawu ya zuba wa ƙasa.

"Yana tambaya ko ka karanta," in ji Sallau.

"Gaya masa ko na malam ban iya ba, balle na Nasara."

"Ya ce wa ya sa ka ɗinke ta?"

"Ruwan sama."

Ummaru, wanda ya riga kowa komowa, shi aka ba aikin. Kawu ya juya zai tafi neman guduma, sai Sallau ya kira shi: Kumandan na son jakunkuna goma na jar fata, ɗinki irin wancan, kuma baduku mai aikin bariki ba ya fasa dutse. Aka soke sunansa, ya nome geronsa da hannunsa.

Yau shekara shida shi ke ɗinke takardun bariki. Ran nan na ce, "Kawu, har yanzu ba ka yarda da su ba?"

Ya ce, "Kai da ka yi wata takwas a lakkwal, makarantar Nasara, aka koro ka, me ka sani? Nasara ba ya gaggawa in zai cuce ka."